Tarihin Dambe da Makomarsa a Birnin Kaduna

Wanda duk ya yi nufin ba da tarihin dambe a Kaduna, wajibi ne a kansa ya fara da tunawa cewa wannan gari ba irin Kano ko Katsina ko Zazzau ba ne, waɗanda ganuwa ta kewaye su tun ɗaruruwan shekaru, kowace sana'a da unguwarta, kowace unguwa kuma da dattawan da suka gaji labarinta. Kaduna gari ne da hukuma ta zana a kan takarda kafin a aza tubalinsa. Hanyar dogo ta ratsa ta wurin a kan tafiyarta zuwa Kano, inda ta isa a 1911. Sojoji suka sauka a bakin kogin a 1913. Sa'an nan a 1917 aka kammala ɗauke hedkwatar Lardunan Arewa daga Zungeru aka dasa ta a nan. In ka ɗebe ƙauyukan Gbagyi da aka tarar a wurin, kusan duk abin da ke garin zuwa da shi aka yi daga wata ƙasa, mutane da harsunansu da sana'o'insu da wasanninsu. Dambe ma baƙo ne a Kaduna, kuma ba abu ne mai wuya ba a gane ko su wane ne suka zo da shi.

Inda duk aka tara soja a bariki, aka tara lebura a bakin dogo, aka tara akawu a ofis, lalle ne a bukaci nama. Inda kuwa aka bukaci nama, mahauci ba ya jiran a aika masa. Haka mahauta suka biyo shanu daga ƙasashen Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kano, suka zauna a arewacin kogi, musamman wajen Tudun Wada, inda zangon shanu da mayanka suke har yau. Dambe kuwa, bisa ga abin da kowa ya sani a ƙasar Hausa, gadon mahauta ne. A zamanin da, idan damina ta ɗauke, aka girbe gero da dawa, rumbu ya cika, hannun talaka ya sami abin kashewa, sai rundawa su ɗaura niyya su bi garuruwa da ƙauyuka inda ake bukukuwan kaka. Da rana su yanka su sayar, da la'asar sakaliya kuma samarinsu su fita fage su nemi samarin garin da suka sauka. Kalangun da ake kaɗawa da safe don a shaida wa mutane cewa an yi yanka, shi ne dai ake kaɗawa da yamma don a zuga maza. Saboda haka sana'ar da wasan ba su taɓa rabuwa ba a farkon al'amari, kuma a kan wannan hali suka iso Kaduna.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda ɗan dambe ke shiri, domin a nan ne mutum zai ga cewa abin yana da nizami, ba hayaniya ce kawai ba. Yakan zauna a gefe, ya miƙa hannun da ya fi amincewa da shi ga wani daga cikin mutanensa. A fara naɗe dunƙulen da ƙyalle, sa'an nan a ɗauko zare a yi ta zagayawa ana ja ana matsewa, tun daga yatsu har wuyan hannu, har hannun ya koma dunƙule guda wanda mai shi ba ya iya buɗewa sai an kwance masa. Wannan hannu shi ne mashi. Ɗayan kuwa, wanda aka bari a sake, yana miƙe a gaba da tafi a buɗe, shi ne garkuwa. Da shi ake auna tazara, da shi ake ture na abokin karo, da shi ake rufe masa ido na ɗan lokacin da mashi zai taso daga baya. Kafin a shiga, makaɗi ya ɗauki takensa, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya ɗaga hannu ya yi kirari yana ambaton ubangidansa da garinsu da mazan da ya kayar. Ana yin turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, in ji 'yan fage, alhali kuwa zai tashi ya kakkaɓe ƙura a kwance masa zare. In turmi uku suka cika kowa na tsaye, sai a ce babu kisa, a raba su.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a sha'anin dambe shi ne sunayen 'yan wasa. Da wuya ka ji an kira ɗan dambe da sunan yanka. Ko dai Shagon wane ne, ko Bahagon wane idan da hagu yake bugu, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, ko Dogon wane. Har akan sami suna mai hawa uku, yaro da ubangidansa da ubangidan ubangidansa duk a numfashi guda. Mai sauraro ya ji an ce Garkuwan Cindo, ko Bahagon Sanin Kurna, ya san nan take daga wane gida hannun ya fito. Wannan silsila ce sosai, kuma wanda ya zauna gaban malamai ya ga yadda ake kiyaye isnadi, wane daga wane daga wane, zai gane irin hikimar da ke ciki, ba tare da an daidaita darajar abubuwan biyu ba. A bisa wannan silsila aka gina ɓangarori, wato Kudu da Arewa da Guramada, inda yaro ke bin ɓangaren ubangidansa, ba ya kuma ɗaura zare don ɗan ɓangarensu a bisa ta'ada. Da wannan tsari mutanen da ba su da ofis, ba su da magatakarda, ba su da littafin rajista, suka riƙe wasa guda daga Sakkwato har Legas.

Amma fa a Kaduna ta Turawa, da Kaduna ta 'yan boko da suka gaje su, ba a yanka wa dambe fili ba. Manya suna da wasan folo, wanda gasarsa ta kofin Jojiyan ta daɗe a garin; suna da filin sukuwa, wanda daga baya ya zama Dandalin Murtala; a zamanin Sardauna aka gina babban filin wasa wanda ke ɗauke da sunansa, domin ƙwallon ƙafa da guje-guje. Ko damben ma, wanda jarida ta san da shi a lokacin shi ne na Turawa mai safar hannu, musamman bayan da Hogan Bassey ya ci kambin duniya a 1957, Dick Tiger kuma ya kare nasa a Ibadan a 1963. Damben gargajiya ya tsaya a bayan kasuwa da gefen mayanka, ana ganinsa wasan talakawa, kuma na mutanen da al'adar Hausa ta daɗe ba ta ba su haƙƙinsu na girmamawa ba. Wannan raini da aka yi wa mahauci zalunci ne, kuma ya shafi wasansa.

Duk da haka, ta Kaduna ne dambe ya sami babbar ƙofar da ya shiga gidajen da ba su taɓa ganin fage ba. A 1962 aka buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a garin, muryarsa ta game ƙasar Hausa har ta tsallaka Nijar da Kamaru da Gana, kuma makaɗan maza suna cikin waɗanda aka ɗauka aka watsa. Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Sakkwato, ya wasa Shago da Ɗan Dunawa da Ado Ɗan Kore, har ya zama matar da ke kulle, da malamin makaranta, da direban babbar mota a kan hanyar Legas, kowa ya san Shago, kowa yana da ra'ayi a kan karonsa da Ɗan Dunawa, ko da yake ƙalilan ne suka gan shi da idonsu. A nan akwai abin lura. Abin da ya rage mana na waɗannan mazaje, mafi yawansa ta bakin mawaƙi ya rage. Mawaƙi kuwa aikinsa yabo ne, ba ƙididdiga ba. Waɗanda suka yi zamani da Shago, suka yi bajinta irin tasa, amma Allah bai haɗa su da makaɗi mai nasibi ba, sunansu ya tafi tare da mutanen da suka kalle su.

Zaman birni ya canja wa dambe kalandarsa. Manomi yana da kuɗi sau ɗaya a shekara, amma ma'aikacin masaƙa yana da albashi kowane wata. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, Kaduna ta cika da mutanen da ke iya biyan kuɗin ƙofa ko da rani ko da damina. Sai wasan ya bar jiran kaka, ya koma gidan dambe: fili da aka kewaye da kwano ko zana, mai gida yana karɓar kuɗin shiga, yana sauke 'yan wasa yana ciyar da su, yana ba su rabonsu, masu hali kuma suna yin liƙi ga wanda ya burge su. Daga nan ƙofa ta buɗe ga wanda ba ɗan mahauta ba, har ga wanda ba Bahaushe ba. Daga nan kuma aka fara sa babur a matsayin kyauta, aka kai ga damben mota, inda ake tara fitattu daga ko'ina a yi kwanaki ana fafatawa. Ɗan dambe ya zama matafiyi na dindindin, wata guda a Kano, wata guda a gidan Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, daga can sai Legas ko Sakkwato. Kaduna kuwa, da yake tana tsakiyar hanyar Kano da Abuja, zango ce da ba a tsallake ta.

Sa'an nan wahala ta zo wa garin. Masaƙu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ta farkon ta rufe a 2002, babbar cikinsu ta bi baya a 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi. Fitinar Fabrairun 2000, da ta 2002, da ta bayan zaɓen 2011, suka raba mazauna garin, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka taru a arewa, Kirista suka koma kudu. A garin da ya sha dokar hana fita, taron samari da yamma abin zargi ne ga hukuma ko da ba su yi laifin komai ba. Ga kuma annobar 2020 da ta rufe kowane taro, ga hanyoyin da suka zama abin tsoro ga matafiyi. Wasan da rayuwarsa ke kan tafiya da taro ba zai fita daga irin wannan hali ba tare da rauni ba. Amma rashin aikin nan da ya rage masu biyan kuɗin ƙofa, shi ne kuma ya ƙara yawan yaran da ke neman a ɗaura musu zare, domin wanda ya rasa masaƙa ya rasa gona, ƙarfin damtsensa kaɗai ya rage masa jari.

Ba zai yiwu a yi maganar dambe a arewacin Kaduna a tsallake malamai ba, domin gari ne na wa'azi, inda marigayi Shaihu Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri a Masallacin Sultan Bello ana watsawa ta rediyo, kuma tasirin wannan karatu ya shiga kowace unguwa. Mas'alar ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata mai son dambe ya yi mata riƙon wasa ba. Masu hani suna da hujja: hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, dambe kuwa fuska yake nema, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka a 1987 ta ba da fatawar haramta damben zamani saboda cutarwar da ke cikinsa, ga layu da guraye da tsaga da ake yi a hannu ana cusa magani, waɗanda wasunsu sun kusanci shirka, ga caca a gefen fage, ga kayan maye da suka lalata yara da yawa, ga sallar magariba da kan wuce ana tsakiyar turmi. Masu sassauci sukan kawo ruwayar kokawar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Rukana, su ce motsa jiki da gwada ƙarfi mubahi ne a asalinsa. A ganina, mafi yawan abubuwan da aka lissafa ba jikin dambe ba ne, ƙazanta ce da ta manne masa, kuma mai gidan dambe da ya ga dama yana iya kawar da su a mako guda. Maganar fuska ce kaɗai take da nauyi na gaskiya, kuma ita ce ya kamata malamai da likitoci da dattawan fage su zauna a kanta da natsuwa, maimakon kowa ya tsaya a inda yake yana jifan ɗan'uwansa.

Hukuma ta waiwayi wasan a makare. A 1993 aka kafa hukumar wasannin gargajiya ta Nijeriya, dambe ya shiga gasar wasanni ta ƙasa tare da kokawa da langa, da alƙalai da rukunin nauyi da lambobin yabo. Kaduna ta karɓi baƙuncin wannan gasa sau biyu, a 1977 da 2009. Sai dai gasa ce ta 'yan kwanaki, a watse, kowa ya koma inda ya fito. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi abin da ya fi wannan: tun 1975, da aka fara a Tawa, suke yin gasar kokawa ta neman Takobi, tana zagaya jihohi, kowace babbar alkarya da filin kokawarta, shugabanni suna halarta, rediyo da talabijin suna watsawa, har yaro a Maraɗi ko Damagaram yana iya jero maka sarakunan kokawa shekara bayan shekara, ya gaya maka cewa Isaka Isaka na Doso ya ɗauki Takobi sau shida. Da yawansu Hausawa ne kamar mu, wasan kuma na fagen kaka ne kamar namu. Bambancin kawai shi ne can an rubuta, an gina, an dawwama a kai.

Abin da hukuma ta yi jinkiri a kansa, wayar hannu ta zo ta yi shi ba tare da neman izinin kowa ba. A 2017 wasu samari biyu a Legas, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka fara ɗaukar dambe suna sawa a YouTube da sunan Dambe Warriors, miliyoyin mutane suka kalla daga ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Hausa ba. Maxwell Kalu ya kafa wani kamfanin, African Warriors, wanda ya kawo wani Bature daga Ingila ya ɗaura zare a Katsina a 2024, a 2025 kuma ya shiga yarjejeniya da tashar DAZN don nuna gasarsa ga duniya. Sunaye irin su Dogo Mai Takwasara da Ali Ƙanin Bello da Ebola suka wuce inda kalangu ke iya kaiwa. Yau yaro a Rigasa ko Unguwar Shanu ko Kawo yana kallon kisan da aka yi jiya a dandalin Ado Bayero na Kano, yana mayar da shi baya yana nazarin yadda aka saci ƙafa aka saki hannu.

Alherin wannan zamani a fili yake, kuma rashin adalci ne a musanta shi. An kawo awon nauyi, don kada a haɗa ƙaramin yaro da ƙato. An kawo likita a gefen fage. An ƙayyade lokacin turmi. An hana sa wani abu mai cutarwa a cikin zare. Kuɗin da fitaccen ɗan wasa ke samu ya ƙaru. Amma akwai abin tsoro. Yarjejeniya ana rubuta ta da Turanci, wanda zai sa hannu kuwa sau da yawa allo kaɗai ya yi, ko bai yi ba. Hoton kisan da ya yi da jininsa zai yi shekaru yana kawo kuɗi, shi kuwa an sallame shi tun daren. Kamfanonin caca suna cikin masu zuba kuɗi a irin waɗannan wasanni, abin da zai ƙara nisanta dambe da mutanen kirki a gari kamar Kaduna. Kuma idan aka mai da Kudu da Arewa da Guramada launin riga kawai, aka sa amsa-kuwwa a madadin makaɗi, aka raba yaro da ubangidansa don kamfani ya saye shi, to silsilar da ta riƙe wasan tun kafin a haifi kamfanonin za ta tsinke, alhali babu wani abu da aka tanada a madadinta.

Kano ta fi Kaduna taron dambe, Abuja ta fi ta kuɗi, Legas ta fi ta masu kyamara. Abin da Kaduna ta fi su da shi daban ne: ita ce garin ajiye tarihi. A nan Gidan Arewa yake, a tsohon gidan Sardauna. A nan reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa yake. A nan rediyon da ya ɗauki muryoyin makaɗan maza yake. Ga jami'ar jiha a cikin gari, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tafiyar sa'a guda. Wani Ba'amurke, Edward Powe, ya wallafa littafi a kan wasannin faɗa na Arewacin Nijeriya tun 1994, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya yi wa makaɗa da mawaƙa hidima mai yawa. Amma rajistar 'yan dambe kansu, wane shagon wane, a wane gida, a wace shekara, wa ya kashe wa, ita ce aikin da ke jiran mai yi. Tsofaffin da suka san amsar suna nan a Tudun Wada da Kawo da Rigasa, wasu suna riƙe da wuƙar fawa, wasu suna gadi, wasu hannunsu na rawa, maganarsu ta yi nauyi saboda dukan da kai ya sha, ba su da fansho ba su da mai biya musu kuɗin asibiti, kuma kowace shekara ana rage su.

Rajistar nan amfaninta ya wuce na masu nazari. Da ita za a san yaron da aka kashe da mummunan bugu a Kano ranar Juma'a, a hana shi ɗaura zare a Kaduna ranar Lahadi har likita ya duba shi. Da ita ɗan wasa zai zauna gaban kamfani yana da shaidar abin da ya yi, a yi masa farashi a kan hujja. Da ita za a iya cire wani kaso daga kuɗin ƙofa da kuɗin hoto a ajiye wa waɗanda suka kwance zare. Gwamnatin jiha tana da Dandalin Murtala, tana da ma'aikatar wasanni. Masu gidajen dambe suna da 'yan wasa da makaɗa. Sarakunan fawa suna da girman da za a saurare su. Gasa guda a shekara, bayan kaka, da rana tsaka har zuwa kafin magariba, babu caca babu maye, da likita da magatakarda a gefen fage, a gayyato samarin kudancin kogi su zo kallo su kuma shiga, ba ta fi ƙarfin waɗannan mutane ba idan suka zauna a tabarma guda.